Ranar da Orrin Bixby Ya Yi wa Tukwanen Gari Wanka

Littafi ɗaya tak Orrin Bixby ya karanta a kan tsofaffin kayan yumɓu masu ruwan ƙasa, shi ma bai ƙarasa ba, don shafukan baya rubutunsu ƙanana ne kuma babu hoto. Amma tun daga ranar kwano bai sake samun zaman lafiya a garin Alder Mills ba. In aka gayyace shi cin abinci, kafin a yi addu'a ya riga ya ɗaga kwano ya kife yana neman tambarin magina a gindinsa. A gidan Fasto ya taɓa yin haka da kwanon da ke cike da wake.

Shekararsa goma sha ɗaya a garin. A birni ya tashi, yana bin gidaje yana tallan injin share ɗaki, har ya auri Delphine ya biyo ta nan cikin duwatsun Vermont. A Alder Mills kuwa, in ba a binne kakanka a bayan coci ba, kai baƙo ne ko da a garin ka yi furfura. Shi ya sa har yau “mijin Delphine” ake ce masa, ban da yayanta Hollis Tarbell, manomin tuffa, wanda ya laƙaba masa Farfesa. Orrin ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Bai taɓa tambayar abin da ya sa mutane ke tari duk lokacin da aka faɗe shi ba.

Kayan da ake magana kuwa, kowane tsohon gida yana da ɗaya ko biyu a kan kantar murhu: tulun zuba ruwa, butar shayi, 'yar saniyar zuba madara, duk da sheƙin nan mai ruwan ƙasa, dabbare-dabbare kamar an kwarara musu zuma ta daskare. Kakannin kakanni ne suka sayo su daga tanderun da ke bayan dutse, shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Ba a ci a ciki, ba a sha a ciki. Aikinsu ɗaya ne: in baƙo ya shigo, matar gida ta nuna da haɓa ta ce, “Tun daga kakar kakata, ko ƙwarzane babu.”

Wata Lahadi da aka tashi daga coci, Anti Eudora Whitcomb ta tsaya a bakin ƙofa ta buga sandarta a ƙasa. Shekararta tamanin da takwas, kuma shekara hamsin ke nan makullin ɗakin tarihi, wanda ke saman zauren gari, yana rataye a wuyanta. Kowa Anti yake ce mata, har Fasto.

“Gwiwoyina sun ce ba za su ƙara hawa benen nan ba,” in ji ta. “Wanda ya shirya nunin bikin girbi na bana, in ya gamsar da ni, shi zai riƙe makullin.”

Duk aka juya ana kallon Verna Quimby, mace mai shiru-shiru wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, shekara talatin tana share ɗakin nan duk ranar Talata. Kafin ta buɗe baki, Orrin ya yi gyaran murya.

“Anti, ki bar mini wannan aikin.”

“Kai wa?”

“Mijin Delphine ne, Anti,” in ji Fasto.

“Na san mijin wa ne. Tambaya nake, shi wa?”

Orrin bai ji zafi ba, don ya riga ya hango kansa da makulli a wuya, mutane suna cire masa hula a bakin kanti. Ya ce zai tara duk kayan ruwan ƙasa na garin wuri guda, abin da ba a taɓa yi ba. Zai gina musu matakala mai hawa bakwai a tsakiyar zaure. Kuma zai gayyato wata masaniya daga babban gidan tarihi na birni, ta zo ta ga abin da muke da shi, ta koma gida ta yi kuka.

“Muke da shi?” in ji Hollis. “Wanne ne naka a ciki, Farfesa?”

“Ilimin.”

Anti Eudora ta dube shi daga hula har takalmi. “To, mu gani. Amma tuluna ba zai kwana a hannun kowa ba. Ranar da kaina zan kawo shi.”

Washegari ya fara zagayen gidaje da motarsa cike da tsofaffin jaridu. Gidan Hollis ya fara zuwa. Matarsa Marva ta sauko da tulunta, wanda hannunsa kare ne na farauta, ya ɗora ƙafafun gaba a bakin tulun yana leƙa ciki kamar mai jin ƙishirwa. Ta naɗe shi a bargo kamar jinjiri.

“Shekara ɗari da ashirin, Orrin. Ya ga yaƙi biyu da gobara ɗaya, ko ƙwarzane babu. In ya dawo da ko ɗigo ɗaya, Delphine za ta koma zaman takaba.”

Hollis ya raka shi har mota, ya waiga ya ga Marva ta shiga, sannan ya rage murya.

“Farfesa, kada ka wanke shi.”

“Don me?”

“Ba ya son ruwa.”

“Hollis, tulu ne fa.”

“Ni dai na faɗa maka.”

Abin mamaki, haka aka yi ta yi masa. A gidan Fasto, bayan matar ta miƙa saniyarta, Fasto da kansa ya biyo shi har bakin shinge ya ce ruwa bai cika yi wa tsofaffin abubuwa daɗi ba. A wani gidan matar ce ta raɗa masa, tana kallon taga kada mijin ya ji. Orrin ya zauna a mota ya rubuta a ɗan littafinsa: “Mutanen karkara suna da camfi game da ruwa. A yi nazari.”

Verna ce ta ƙarshe. Ta miƙo masa butar shayinta a bakin ƙofa.

“Busasshen tsumma kawai, Orrin. Ko gashin kaza. Kada ruwan zafi ya taɓa su.”

“Verna, ina ganin girmanki, amma share ƙura daban, ilimi daban. Yumɓun da ya kwana uku a cikin wutar tanderu, shi ne zai ji tsoron ruwan wanka?”



“Yumɓun ba ya tsoro,” ta ce, ta rufe ƙofa.

Guda talatin da huɗu ya tara. Da ya jera su a garejinsa ya kunna fitila, sai ransa ya ɓaci. Hayaƙin murhu na shekara ɗari ya dusashe su. Wannan ne zai nuna wa masaniyar birni? A hoton littafi ƙyalli suke yi kamar idon saniya.

Ranar Alhamis da safe Hollis ya tafi kai tuffa wurin matsa. Orrin ya lallaɓa bukkar da Hollis ke dafa ruwan bishiya ya zama zuma, inda faffaɗan kaskon ƙarfen nan yake zaune babu aiki tun bazara. Ya cika shi da ruwa, ya barbaɗa garin sabulu, ya jera kayan a ciki ɗaya bayan ɗaya, ya hura wuta da itace mai kyau. Sannan ya ga tunda sai sun jiƙa, bari ya gangara kanti ya yi wa mutane bayanin yadda nunin zai kasance. Bayanin ya ci sa'a ɗaya da rabi.

Ya dawo yana fito, ya tarar da Delphine tsaye a bakin kasko, kwandon abincinsa a hannunta, ba ta ko motsi.

“Orrin, miyar me kake dafawa?”

Ya leƙa. Kan wata saniya ne ya fara wucewa ta gabansa, yana juyawa a hankali cikin kumfa. Wani kare ya biyo shi a rigingine. Bayansu bakin butar shayi, da hular wani ɗan mutum-mutumin yumɓu mai tumbi, babu mutumin. Saman ruwan duk ya yi wani mai-mai ruwan ƙasa.

Ya kashe wuta da bokiti, ya ƙona gira. Da matsami suka yi ta tsamowa. Goma sha biyar sun fito lafiya. Goma sha tara sun fito kashi-kashi. A kowane bakin karaya akwai tsohon danƙo rawaya, irin wanda ake dafawa daga fata da kofato, ya narke ya yi yauƙi. Wasu wuraren kuma fenti ne ya wanke, farar ƙasar da aka cike gurbi da ita ta fito fes.

Orrin ya duba, ya sake dubawa, sai fuskarsa ta washe.

“Delphine! Ni ban fasa komai ba! Dama a fashe suke!”

“To, je ka faɗa wa Marva haka.”

Fuskar ta koma yadda take.

“Ka je wurin Verna,” in ji Delphine.

“In je in yi me? In miƙa mata makullin a kan faranti? Me Verna ta sani?”

Delphine ta buɗe baki, ta kalli kwanon mahaifiyarta da ya rabu gida biyu a kan ciyawa, ta rufe bakin.

Ranar Juma'a da sassafe yana bakin kanti kafin a buɗe.

“Gam mai kamawa nan take, guda goma sha biyu?” in ji mai kanti. “Jirgin ruwa kake haɗawa, Farfesa?”

“Bincike ne.”

“Binciken ne ya ci maka gira?”

Ya kulle kansa a gareji. Matsala ta farko shanu ne: jiki huɗu, kai huɗu, duk kusan iri ɗaya. Ya gwada wannan, ya gwada wancan, kowanne ya kusa shiga kuma babu wanda ya shiga. Daga ƙarshe ya yanke hukunci da ilimin halayya, ya ba kowane jiki kan da ya fi dacewa da ɗabi'ar matar gidan. Matsala ta biyu gam ɗin ne, wanda ba ya bambance yumɓu da fatar mutum. Kafin rana ta take ya manne babban yatsansa da bakin butar Verna, sai da Delphine ta zo da ruwan goge farce ta raba su, tana faɗin wasu kalmomi da ba ta koya a coci ba.

Yana riƙe da tulun Marva a hannu ɗaya, karen a ɗaya, ya riga ya shafa gam, sai aka buga ƙofar gareji.

“Orrin! Buɗe in ga tuluna!”

Ya mayar da hannuwa baya, ya haɗa karen da tulun da lalube ya matse, ya tura ƙofa da ƙafa ya leƙo da kai.

“Marva, ba a shiga. Suna hutawa.”

“Hutawa?”

“Kafin nuni dole a bar su cikin duhu kwana ɗaya. Haka ake yi a manyan gidajen tarihi.”

“Me kake ɓoyewa a bayanka?”

“Ciwon baya.”

Minti goma ta yi tana ba shi labarin yadda kakarta ta gudu da tulun nan cikin zane ranar gobara. Da ta tafi ya zaro hannuwansa ya duba. Karen ya kama ƙam, kansa ƙasa, gindinsa a bakin tulu. Ya ja, ya murɗa, ya roƙe shi. Ko gezau.

Saura fararen wuraren. Man takalmin da ya shafa musu ya ƙare bayan guda shida, kuma ba ya sheƙi. Ranar Asabar da safe yana zaune gaban fanke bai iya ci ba, Delphine ta kwarara masa baƙar zumar Hollis a kai. Ya bi zumar da ido tana gangarawa tana ƙyalli.

“Delphine, dubi kalar nan.”

“A'a, Orrin.”

“Ki dai duba!”

“Na ce a'a.”

Ya dafa ta har ta yi kauri, ya ɗauki burushin fenti. Kuma a faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Ya yi kyau har lafiyayyun goma sha biyar suka zama kamar marasa gata a kusa da sauran, don haka su ma ya shafe su.

Da ƙarfe biyu zauren gari ya cika. Ranar ta yi ɗumi, an buɗe ƙofofi da tagogi, a waje ana matsar tuffa, mata suna jera wake da kek a kan dogayen tebura. A tsakiya ga matakalar Orrin mai hawa bakwai, an lulluɓe ta da farin ƙyalle, kayan suna walƙiya. Ya kewaye ta da igiya, taku huɗu tsakaninta da mutane.

“Me ya sa aka nisanta mu haka?” in ji matar Fasto.

“Numfashi yana ɓata sheƙi.”

Anti Eudora ta iso da tulunta mai zanen farautar barewa. Ta hana Orrin taɓawa, Hollis ne ya hau tsani ya ɗora shi a can ƙoli. Aka kawo mata kujera ta zauna a gaba, makulli yana reto a ƙirjinta. Orrin ya kalli makullin, ya fara jawabi. Ya faro daga Masar, ya bi ta Sin, yana shirin tsallakowa teku sai masaniyar da ya gayyato daga birni ta ɗaga igiya ta shige.

Dakta Lenora Amsden 'yar ƙaramar mace ce, tabarau rataye da sarƙa a wuya. Ta ƙyasta wani kwano da farce, ya yi ƙara zau. Ta ƙyasta na kusa da shi, ya ce ƙwaf. Ta ƙyasta na gaba, ƙwaf. Ta ɗaga wata saniya, sai ƙyallen ya biyo ta. Ta ajiye, yatsunta suka ƙi rabuwa da juna. Ta sunsuna. Ta lasa.

“Zumar bishiya ce.”

“Baƙar ce, ta ƙarshen dahuwa,” in ji Hollis daga baya. “Tawa ce. Ko a mafarki na san ƙamshinta.”

“Wata sabuwar dabarar adanawa ce, Dakta,” in ji Orrin. “Daga Turai. Ƙila ba ta iso wurinku ba tukuna.”

“Ba ta iso ba.”

Matar Fasto ta riga ta sa tabarau ta jingina da igiya. “Wannan ba kan saniyata ba ne. Tawa ƙasa take kallo, mai kunya ce. Wannan ta ɗaga hanci kamar matar mai kanti.”

“Ai kan tawa ne!” in ji matar mai kanti. “Me kike nufi da hanci?”

Sai muryar Marva ta tsaga zauren.

“Orrin Bixby! Me ya sa karena ya juya wa tulu gindi?”

“Marva, kwantar da hankalinki. Akwai wani nau'i da ba a cika samu ba, masana suna kiransa kare mai saukowa...”

“Shekara talatin da biyu ina kallonsa yana hawa!”

“To ai ya isa. Dole wata rana ya sauko.”

A daidai nan rina suka iso. Tun safe suna shawagi a wurin matsar tuffa, yanzu labari ya kai musu cewa akwai abin da ya fi a ciki. Biyu suka shigo, sannan goma, sannan dangi gaba ɗaya. Suka sauka a kan shanu, a kan karnuka, a kan hular ɗan mutum mai tumbi. Igiya ta faɗi. Mata suka yo kan Orrin, mazansu na biye a baya da wani irin sanyin jiki.

“Ka fasa mana gadon iyaye!”

“Baƙo ya zo ya cuce mu!”

“A kira ɗan sanda!”

Orrin ya ja da baya har duga-dugansa suka taɓa matakala. Ya ga Anti Eudora ta rufe makullin da tafin hannu. Nan ya daka tsawa.

“Ban fasa ko ɗaya ba! A ruwan zafi kawai na sa su, suka warware da kansu! Goma sha tara! Duk a manne suke da danƙo, an shafe da fenti! Ku tambayi junanku!”

Fasto ya duƙufa yana nazarin takalminsa. Mai kanti ya tuna yana da abin dubawa a rufin ɗaki.

Marva ta juya a hankali. “Hollis.”

“Ɓera ne,” in ji Hollis. “Ya hau kanta, na kai masa tsintsiya. Shekarar da kika je jinyar mamanki. Hannun ne kawai ya cire.”

“Hannun?” Sai fuskarta ta yi ja. “Ni dai a gindi na sani.”

“Wane gindi?”

“Ina goge shi ya suɓuce. Kana gona.”

“Wa ya gyara miki?”

“Kai wa ya gyara maka?”

Su biyun suka juya. Fasto ya juya, matarsa ta juya ta ga ya juya, ta ce masa, “Har da kai?” Delphine ma ta juya. A ƙarshen zaure, kusa da teburin kek, Verna Quimby tana tsaye da wuƙa a hannu tana yanka kashi takwas-takwas.

Dakta Amsden ta ɗauki butar shayi ta kai kusa da ido. “Nawa ne aikinki a ciki, Misis Quimby?”

“Goma sha bakwai. Biyu mahaifiyata ce ta yi.”

“Da danƙon fata?”

“Shi ne in an yi kuskure ake iya warwarewa.”

“Da a wurinmu kike da mun ba ki ɗaki da ma'aikata. Wannan gam ɗin na jiya fa, kwana nawa zai ɗauke ki kafin ki warware shi?”

Verna ta kalli karen Marva. “Hunturu biyu. In ba a taimaka mini ba, ɗaya.”

“Kuma shekara talatin ba ki taɓa faɗa wa kowa ba?” in ji Marva.

“Ta ƙofar baya kika zo, Marva. Shi ma ta ƙofar baya ya zo.”

Anti Eudora ta buga sanda sau uku.

“Kunya! Kunya ta kama garin nan! Manya da ku, masu zama a kujerun gaba a coci, kuna kallon idon juna kuna cewa ko ƙwarzane babu! Fasto, har da kai? Ku dubi can sama. Wannan tulun Whitcomb ne. A gidanmu ba a fasa abu, in ma an fasa ba a ɓoyewa.”

Orrin ya ga ƙofar samun makulli ta buɗe masa. Ya gyara kwala ya matso, hannunsa ya riga ya fara miƙewa.

“Kin gani, Anti? Abin da nake son nunawa ke nan tun farko. Da ba don bincikena ba, da garin nan yana nan cikin duhu. Saboda haka, game da maganar makulli...”

Akwai zuma a gashin bakinsa tun safe. Wata rina ta zo ɗaukar rabonta, ya hura mata iska, ta ɗauki abin da zafi ta harbe shi a kan hanci. Ya yi ihu, ya cire hula ya kai duka, ya juya, ya kai wani, ya koma da baya da dukan nauyinsa ya zauna a kan hawa na biyu.

Matakalar ta yi ƙara, ta girgiza tun daga ƙasa har sama. Mutane suka rufe ido. Amma babu abin da ya faɗo, domin duk kayan sun manne da ƙyalle da zuma, suna dai rawa a inda suke. Abu ɗaya ne ba a shafa wa zuma ba. Tulun Whitcomb ya sunkuya, ya yi kamar yana shawara, sannan ya gangaro. Hawa na bakwai, na shida, na biyar. Hollis ya yi tsalle irin wanda bai yi ba tun yana saurayi, ya cafe shi a ƙirji ya zube a ƙasa.

“Na kama! Anti, na kama shi!”

Ya kama tulun. Hannun tulun kuwa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, ya bi ta ƙarƙashin kujeru, ya tsaya a gaban takalmin Verna. Ta sunkuya ta ɗauka, ta shafa bakin karayar da yatsa.

“Wurin bara ne ya sake, Anti. Na ce miki ki bar shi ya yi sati kafin ki ɗaga ta hannu.”

Wani ya fara tari a baya, matarsa ta take masa ƙafa.

Anti Eudora ta cire makullin da sauri har igiyar ta tafi da ɗan kunnenta ɗaya, ta miƙa wa Verna.

“Ungo. Hau sama ki duba ko na bar fitila a kunne.”

“Rana tsaka ce, Anti.”

“Ki hau dai, Verna. Kuma kada ki yi gaggawar saukowa.”

Aka ci wake, aka ci kek, kowa yana kallon farantinsa. Babu wanda ya ce wa Orrin komai, babu kuma wanda ya miƙa masa gishiri. Wankan da ya yi wa tukwanen ana iya yafe masa shi nan da shekara biyar. Faɗar da ya yi a gaban jama'a ce ba a san ranar yafe ta ba.

A hanyar gida yana tafe hancinsa ya kumbura ya yi kamar tuffa, muryarsa tana fitowa ta cikinsa.

“In kika duba da kyau, Delphine, ni na ba Verna makullin nan.”

“Haka ne.”

“Shekara talatin tana ɓoye. Rana ɗaya na fito da ita.”

“Ƙwarai kuwa.”

“Dama yumɓu ya yi mini kaɗan. Baɗi barguna zan yi, irin na faci-facin nan da kakanni suka ɗinka. Kin lura duk sun dafe? Babu wanda ya taɓa yi musu wanki na ilimi.”

Delphine dai ta ƙara sauri, ta ƙara, har ta bar shi a baya yana wa shingen Fasto bayani. Kafin ya iso gida ta hau sama, ta kulle akwatin bargunan mahaifiyarta, ta zura makullin a igiyar takalmi. A wannan yammacin mata biyu ne suka rataya makulli a wuya a Alder Mills.